Ciwon ƙafar kare: abin da ya kamata ku sani kafin ku shafa masa magani

Duk aikin da ake ajiye kare dominsa da ƙafa yake yin sa. Karen farauta yana keta ƙaya da duwatsu a bayan zomo. Karen makiyayi yana bin garke tun safe har faɗuwar rana. Karen gadi kuma yana zagaya gida dare da rana a kan siminti ko tsakuwa. Shi ya sa ciwon ƙafa yake cikin abubuwan da suka fi damun karnuka a ƙasashenmu. Sai a wayi gari a ga kare yana ɗingishi, ko ya ɗage ƙafa ɗaya ya ƙi taka ta, ko ya kwanta yana ta lasar daginsa yana cizo ba ƙaƙƙautawa.

Mafi yawan irin wannan ciwo ƙarami ne, ana iya jinyarsa a gida. Abin da ke mayar da shi babba shi ne gaggawar shafa magani tun ba a duba an gano musabbabinsa ba. Ƙayar da za a iya cirewa cikin minti biyu sai a bar ta a ciki a bi ta da baƙin mai, bayan mako guda ƙafa ta kumbura tana fitar da mugunya. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: a duba, a wanke, a busar, a hana lasa, sannan a san inda aikin gida ya ƙare na likita ya fara.

Jinyar kare ba abin kunya ba ce. Musulunci ya halatta ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne a Bukhari da Muslim. Wanda ya ajiye dabba tana yi masa aiki, haƙƙin cinta da shanta da lafiyarta yana wuyansa.

Yadda dagin kare yake

Idan kuka juya ƙafar kare za ku ga wata babbar tsoka mai kauri a tsakiya, da ƙananan guda huɗu a ƙarƙashin yatsu, kowane yatsa da farcensa. A ƙafar gaba akwai wani ƙaramin yatsa a gefe daga ciki wanda ba ya taɓa ƙasa, da wata 'yar tsoka can sama ta bayan ƙafa. Fatar waɗannan tsokoki ita ce mafi kauri a jikin kare, a ƙarƙashinta kuma akwai kitse da ke rage masa zafin taku. Ta nan ne kuma yake ɗan yin gumi.

Tsakanin yatsu kuwa fatar siririya ce, ga gashi, ga danshi, ga duhu. A nan ne ƙaya take maƙalewa, kaska take laɓewa, ƙwayoyin cuta suke samun wurin zama. Akwai kuma dalilin da ya sa raunin tafin ƙafa yake jinkirin warkewa: duk takun da kare ya yi, nauyin jikinsa yana buɗe bakin raunin. Don haka hutu rabin magani ne.

Kowane lokaci da irin nasa ciwo

Da bazara, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Kwalta da yashi da ƙarfe sun fi iska zafi nesa ba kusa ba, suna iya ƙona tafin ƙafa har fata ta saɓule. Haka ma rushin murhu da jujin da aka cinna wa wuta, samansa toka, ƙasansa garwashi.

Da damina laka da danshi ke jiƙa tsakanin yatsu har fata ta yi ja ta fara wari. Lokacin ne kaska take yawa. Lokacin ne kuma 'ya'yan tsutsar ciki da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kashin kare suke huda fatar ƙafa su sa ƙaiƙayi. Manoma na feshin maganin ciyawa suna zuba takin zamani, kare ya taka ya lasa.

Da kaka ƙarangiya ta bushe, tsidau ya nuna, ga kututturen kara a gonakin da aka girbe. Da hunturu kuwa tafin ƙafa kan yi kaushi ya tsage, irin fason da ke damun dugadugan mutane. Fasasshiyar kwalba da ƙusa da bakin gwangwani kuma ba su da lokaci, kullum suna nan a lungu da bola.

Ku fara da kare kanku

Kare mai jin zafi yana iya cizon ubangidansa, komai sabonsu. Ku sami mutum na biyu wanda karen ya sani ya riƙe shi yana lallashi, kuma a kori yara daga wurin. A sa masa takunkumi: a sami tsumma mai tsawo mai laushi, a zagaya shi a bakinsa, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a zarce da bakin tsumman bayan kunnuwa a ɗaure. Kada takunkumin ya daɗe, domin da haki kare yake sanyaya jikinsa. Kada kuma a sa wa karen da ke amai ko numfashi da ƙyar. Idan akwai safar hannu a sa, idan babu a zura hannu cikin leda mai tsabta, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Akwai halin da bai kamata a taɓa karen ba sam. Idan halinsa ya canza kwatsam, yana dalalar da miyau, yana kai wa komai cizo, ko ƙafafunsa na baya suna shanyewa, wannan ba ciwon dagi ba ne, yana iya zama haukan kare. A killace shi daga nesa a kira ma'aikatan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Yadda ake dubawa

A yi aikin da rana a wuri mai haske, ko a haska da tocila. A kwantar da karen ta gefe. A fara da lafiyayyar ƙafa, don ya saki jiki, ku kuma ku ga yadda lafiyayya take ku kwatanta. Sannan a ɗauki mai ciwon a hankali. A ɗauraye ƙura da laka, a duba tsokokin ɗaya bayan ɗaya, a buɗe tsakanin kowane yatsa har can ciki, a duba gindin kowane farce. Kada a manta da ƙaramin yatsan nan na gefe, domin farcensa ba ya goguwa da ƙasa, yakan yi tsawo ya lanƙwashe ya shige cikin nama.

A danna kowane wuri da ɗan yatsa sannu-sannu. Inda karen ya zabura ya janye ƙafa, nan ciwon yake. Ku lura da zafin wurin, da kumburi, da wari, da wata 'yar huda mai fitar da ruwa. Idan ba a ga komai a dagi ba amma ɗingishi yana nan, wataƙila matsalar tana sama, a gwiwa ko kafaɗa ko ƙugu.

Lissafin ƙafafu ma yana ba da haske. Ciwo a ƙafa ɗaya yawanci rauni ne ko wani abu da ya soke ta. Idan kuwa duka huɗun yake lasa, sun yi ja, gashin wurin ya rine, to a yi zargin wani abu da ya taka, ko ƙazuwa, ko wani abu da jikinsa ba ya so a abinci ko muhalli.

Wanki da ruwan gishiri

Babu maganin gida da ya fi ruwan gishiri aminci. A tafasa ruwa rabin lita, wato kimanin ledar fiya wata ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Kada a ƙara gishiri da tunanin zai fi aiki, raɗaɗi kawai zai ƙara. A tsoma ƙafar a cikin kwano na minti biyar zuwa goma. Idan karen ya ƙi tsayawa, a riƙa kwarara ruwan a kan wurin, ko a fesa da sirinji marar allura. A yi haka sau biyu ko uku a rana, a keɓe kwanon don wannan aiki kawai.

Idan akwai aidin irin na wanke rauni, wanda ake kira povidone, a sirka shi da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri, a goga da auduga. Bayan wanki sai busarwa, kuma nan ne mutane da yawa suke sakaci. A bi tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta har sai babu sauran laima, domin danshin da aka bari shi ne abincin cuta.

Abin da ake yi wa kowane iri

Ƙaya ko sartse: idan kanta yana waje, a tafasa matsefata, a kama ƙayar daf da fata, a zare ta ta hanyar da ta shiga, a wanke. Idan ta karye a ciki, jiƙa ƙafa a ruwan gishiri mai ɗumi yakan taimaka ta taso. Kada a bi ta da reza ana tono. Ƙarangiyar da ta cukurkuɗe da gashi a aske ta da almakashi maimakon fizga.

Yanka: tafin ƙafa yana zubar da jini da yawa ko da raunin ƙarami ne, don haka kada a firgita. A ɗora tsumma mai tsabta a danne da hannu na minti goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan jini ya tsaya kuma raunin bai yi zurfi ba, a wanke a ɗaure. Ƙaramin rauni kan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu idan karen ya huta.

Ƙuna: a tsoma ƙafar a ruwan randa mai sanyi, ko a riƙa zuba mata, na minti goma zuwa ashirin. Ba a sa ƙanƙara, ba a shafa manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Idan fata ta yi bororo kada a fasa. Idan ta saɓule har jan nama ya fito, sai likita.

Abin da ya taka: idan maganin feshi ne, ko fetur, ko jiƙaƙƙen siminti, ko ruwan batir, a wanke ƙafar da ruwa mai yawa nan take kafin ya lasa. Mai da fetur sai an haɗa da sabulu marar ƙarfi.

Kaushi da faso: a wanke, a busar, a shafa man kaɗe ko basilin kaɗan, a shagaltar da karen da abinci na 'yan mintuna har man ya shiga. Da dare ya fi, lokacin da zai kwanta. Wannan na busasshiyar fata ne kawai, ba a cusa mai cikin buɗaɗɗen rauni.

Kaska: a kama ta da matsefata daf da fata, a ja a miƙe a hankali ba murɗawa. Ba a ƙona ta da ashana, ba a ɗiga mata kananzir, ba a kuma murtsuke ta da yatsu, domin tana ɗauke da cututtukan da ke kama dabba da mutum. Bayan an cire ta, a jefa ta cikin wuta.

Tsutsar fata: akwai wani ƙuda a Afirka ta Yamma da ke yin ƙwai a busasshen yashi mai inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa. Idan kare ya kwanta a wurin, tsutsar takan huda fata ta zauna, musamman a ƙafafu da cikin 'yan kwikwiyo. Za a ga ƙurji kamar maruru mai 'yar huda a tsakiya, wani lokaci har ana ganin motsi. Ta wannan huda take numfashi. A toshe ta da basilin, a jira kaɗan, tsutsar za ta yunƙuro, sai a matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum. A kula kada ta fashe a ciki. A wanke ramin da ruwan gishiri, sannan a share makwancin karen a sauya masa wuri.

Farce: idan ya karye yana jini, a danna masa garin masara ko fulawa a riƙe na 'yan mintuna. Idan ya tsage har gindi ko yana reto, cire shi aikin likita ne, domin akwai jijiya da hanyar jini a cikinsa.

Ɗauri da hana lasa

Ana yawan cewa miyaun kare magani ne. Gaskiyar ita ce bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, harshensa kuma yana goge sabuwar fatar da ke tohowa. Lasar kwana biyu tana iya mayar da 'yar ƙujewa gyambo.

Idan za a ɗaure, a sa 'yar auduga tsakanin yatsu, a ɗora bandeji mai tsabta a kan raunin, a naɗe ƙafar tun daga yatsu har sama da wuyan ƙafa. Kada a matse: ya zama ɗan yatsa yana iya shiga ta saman ɗaurin. Tsohuwar safa mai tsabta ma tana aiki, a riƙe ta da filasta a kan safar. Kada a kuskura a ɗaure da roba ko igiya ko waya. Ɗaurin da ya tsayar da jini yana iya kashe ƙafa cikin kwana ɗaya, har ta kai ga yankewa. A canza ɗauri kullum, a kuma canza nan take idan ya jiƙe. Idan ƙafa ta kumbura a sama ko ƙasan ɗaurin, ko ta yi sanyi, ko ta fara wari, a kwance. Jan fata da ƙaiƙayi na tsakanin yatsu kuwa ba sa son ɗauri, iska suke so.

Karen da ke yage ɗauri sai a yi masa abin wuya mai hana bakinsa kaiwa ga ƙafa. Ana sayar da shi a shagunan magungunan dabbobi na birane. A gida kuma ana iya yanke gindin ƙaramin bokitin roba, a naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya ji masa ciwo, a zura kansa a ɗaure bokitin a jikin maɗaurin wuyansa, yadda bakinsa ba zai kai ƙafa ba amma zai iya ci ya sha. A ajiye shi a inuwa, a busasshen wuri mai tsabta, a kan buhu ko tabarma. Babu farauta, babu bin garke, sai ya warke.

Abubuwan da ba a shafawa, ba a kuma ba shi

Duk abin da aka shafa wa ƙafar kare, a ɗauka cikinsa zai shiga. Baƙin man mota, kananzir, fetur da baƙin garin batir guba ne, suna ƙona nama. Izal da Dettol suna cin fata kuma suna cutarwa idan aka lasa. Sifirit da ruwan hydrogen peroxide suna da raɗaɗi, suna kashe sabon naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Maganin ƙwari irin su Sniper da ota-fiya-fiya, da wasu ke zubawa don kashe kaska ko tsutsa, suna ratsa fata su kashe karen, su kuma cutar da mai shafawa. Toka da ƙasa da kashin shanu datti ne kawai ake ƙara wa rauni.

Magungunan rage zafi na mutane ma haɗari ne. Ibuprofen da diclofenac suna ƙuje cikin kare har ya yi jini, suna lalata ƙoda, ko da na shafawa ne ya lasa. Farasitamol idan ya yi yawa yana lalata hanta, don haka ba a ba shi sai da umarnin likita. Fasa kafso a barbaɗa a rauni, ko yin allurar kashe ƙwayoyin cuta da ka, ba ya fitar da ƙayar da ke ciki, sai dai ya koya wa cuta jure magani.

Lokacin da za a nemi likita

A garzaya wurin likitan dabbobi a ranar idan jini ya ƙi tsayawa bayan minti 15 na dannawa, ko raunin ya wage yana buƙatar ɗinki, ko ƙusa ko kwalba ta shiga da zurfi, ko ƙafa ta karkace tana reto alamar karaya. Haka idan wani kare ko naman daji ne ya cije shi. Kumburin da ya taso farat ɗaya yana hawa sama, tare da huda biyu ko jinin da ba ya daskarewa, yana iya zama saran maciji, musamman kububuwa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa. A ɗauki karen kada ya taka, a tafi.

A kuma nemi likita idan an yi kwana biyu zuwa uku ana jinya babu sauƙi, ko mugunya ta fito, ko karen ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari. Ciwon da ke warkewa yana dawowa, ko gashi na zubewa fata na yin ɓawo, yana buƙatar a kankari fatar a duba a na'ura, domin ƙazuwa da makero da sauran cututtukan fata kowanne maganinsa daban. Makero kuma yana kama yara. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a karkara kuma ma'aikatan da ke duba shanu sukan taimaka ko su nuna inda za a je.

Yadda za a rage faruwarsa

Da bazara a gwada ƙasa da bayan hannu. Idan ba za ku iya jure ta na daƙiƙa biyar ba, kare ma ba zai iya ba, sai a bari sai sassafe ko yamma. Kada a ɗaure shi a kan siminti cikin rana. A share tsakar gida daga kwalabe da ƙusoshi, a kwashe kashinsa kullum, a ajiye makwancinsa a bushe. A rage masa farce idan ya yi tsawo, a nemi maganin kaska da na tsutsar ciki wanda aka yi don karnuka. A yi masa rigakafin haukan kare tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da wannan allura a Najeriya.

Abu mafi amfani shi ne sabo. A riƙa kama ƙafar kare tun yana kwikwiyo har ya saba, sannan duk ranar da ya dawo daga daji ko kiwo a buɗe yatsunsa a duba. Karen da ya saba da haka zai tsaya a cire masa ƙaya tun ranar da ta shiga, kuma ƙayar da aka cire a ranar ba ta kaiwa ga mugunya, balle kuɗin asibiti.